'Yan Tsakin Gurguwa

Litinin, 3 ga Maris
Gurguwa ta ƙyanƙyashe, goma sha ɗaya. Ita kaɗai ta rage daga zuriyar Baƙa, kazar da marigayiya matata ta shigo da ita gidan nan a kwali shekara talatin da huɗu da suka wuce. Baƙa, Mai Tukku, Mafaɗaciya, 'Yar Lelen Gida, haka har kan Gurguwa. Duk suna kaina. Ta tsufa, ba na jin za ta sake kwanci. In waɗannan suka tafi, shi ke nan.
Na fasa musu kafso a ruwa kamar yadda na saba.

Alhamis, 6 ga Maris
Zawo. Uku gindinsu ya manne da kashi. Na ƙara kafso.

Asabar, 8 ga Maris
'Yata Auta ta zo daga shagon maganin dabbobi da take aiki. Ta ga ɓawon kafso a bakin akurki ta riƙe kai. Wai kafson nan ba ya tambaya, ƙwaya mai cuta da mai amfani duk kashewa yake a hanjin tsako, sai ciki ya zama kango. Ta fito da wani farin gari a 'yar leda, wai ƙwayoyi ne masu rai, su zauna a hanji su tare wa cuta wuri, jiki ya yi ƙarfi. Rabin cokali a ruwan sha kullum, a daina kafso.
Na ce, masu rai? Shekara nawa ina kashe ƙwayar cuta, yau in auna ta a cokali in ba 'yan tsakin uwarki?
"Baba, ka ji dai tukuna."
Ban ji ba. Ita ta koya min rubutun nan da nake yi, to. Amma kaji na riga ta sani.

Lahadi, 9 ga Maris
Na samo dabara. Tun shekarar annobar da ta share mana kaji arba'in, marigayiya ba ta ba tsako ruwa sai tafasasshe. Na ɗora butarta, ruwa na tafasa na zuba garin a ciki. Ga maganin Auta na bayar, ga ƙwayoyin sun mutu. Kowa ya samu nasa. Kafso kuwa ban daina ba.
Maƙwabcina mai gyaran keke ya leƙo ta katanga. "Tsoho, shayi kake dafa wa kaji? A sa min sukari biyu." Na ce ya je ya ji da facinsa.

Laraba, 12 ga Maris
Biyu sun mutu. Saura tara.

Juma'a, 14 ga Maris
Uku kuma. Ɗaya a tafin hannuna, ba shi da nauyin ko akwatin ashana. Gurguwa na ta juya shi da baki.
Auta ta kira. Kana ba su garin? Na ce kullum. Ai ba ƙarya na yi ba. Sai ta ce ko ledar ce ta lalace a shago, ko ita ce ta yi kuskuren awo. "Baba, ka yafe min, kajin Mama ne."
Na ce ba komai. Na bar ta da shi. Na bar ta da shi!

Asabar, 15 ga Maris
Ban rubuta komai ba. Saura biyar.

Talata, 18 ga Maris
Auta ta zo da sassafe ba sanarwa, ta same ni tsugune da buta, tururi na tashi, cokali a hannuna. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta zauna kan bokitin dusa ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ranar farko. Kafso fa? Na nuna mata aljihu.
Ta ce garin ba zai tayar da matacce ba, ba ma magani ba ne, taimako ne, kuma ba za ta rantse shi zai tsare biyar ɗin ba. Amma ko dama ban ba shi ba. Tafasa ruwa ba laifi, in ji ta, a bari ya huce kawai.
Sai ta ce, "Mama ma ai hucewa take bari ya yi. Ka manta shuɗin kwanon nan?"
Shuɗin kwanon. Mai murfi, a bayan ƙofar kicin. Marigayiya takan tafasa ruwa ta juye a ciki, ta tafi shara. Ya yi sanyi, ta ɗiga madarar da ta yi tsami, cokali guda, ta motsa da yatsa. Ni kuma ina tsaye ina cewa ɓarnar madara. Shekara da shekaru ina faɗa mata haka. Ta ce min, kai dai ka iya ƙirga su, ni na iya cikinsu.
Ni da ake zuwa tambaya wace shekara aka haƙa rijiyar layinmu. Na riƙe sunan kowace kaza, na riƙe buta, na zubar da rabin aikin matar nan.
Auta ta wanke mazubin ruwa ta tafi aiki. Ban raka ta ƙofa ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Ɗaya ya bi 'yan uwansa. Huɗu. Kafson yana cikin kwandon shara, ba wanda ya sa ni.

Lahadi, 30 ga Maris
Huɗun suna nan. Kashinsu ya ɗaure, fukafukai sun fara fitowa. Biyu kamar mata. Ɗaya baƙa ce wuluk, ban sa mata suna ba tukuna, Auta za ta zo da yamma.
Mai gyaran keke ya ce yau ba shayi? Na ce ya huce.
Ba wai na yarda da ƙwayoyin nan ba ne. Shuɗin kwanon ne dai na samo a ƙarƙashin gado, murfin ya ɗan lotsa, kuma bai kamata a bar shi haka ba amfani ba.