Kayenka Sun Zama Toka, Baban Nana

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Amma kai ka tura ni yaƙi da jahilci da furfurata, kana cewa wata rana zan yi maka wasiƙa. To ga ta, ta zo a makare, shekara biyu bayan an rufe ka.

Labarin gida ba daɗi. Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Matan ƙauyen Gaffati sun fara shigowa unguwarmu ta Zango da ƙorai a ka, goyonsu ko kuka ba ya iyawa, kamar dai shekarar da ka tafi. Famfo sai ya kwana uku bai kawo ba. Nana tana lafiya, ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Abba nake ce masa, ka san bakina ba zai iya ɗaukar sunan nan ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki bik in yi maka rubutu ba. Ka tuna Ramatu, yarinyar nan doguwa da ka koya wa duba jini a labo, ɗakin gwaji na asibiti? Yanzu babbar likita ce a Yamai. Ran Litinin ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Inna kamar da. Ta ce tana son ta ci gaba da aikin da ka bari, na yaran Tirmini da Gaffati. Shekara goma sha biyu kana bin su da sikeli da allura, kana son ka gane abin da ke kashe yaron da yunwa ta ci ko bayan an samo masa abinci. Ta kai maganar ga manya, sai suka ce su ba su san ka ba, ta kawo shaida.

Ba su san ka ba! Na ce da ita wace irin shaida kuma, mutumin da kowace tsohuwa a Tirmini ta san ƙarar babur ɗinsa? Sai ta buɗe ordinatar, kwamfutar nan tata, a kan tabarmar nan da kake salla, ta buga sunanka, ta yi mini bayani a hankali. Wai su masu bincike da abu biyu ake auna su: takardu nawa mutum ya wallafa, kuma sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a cikin nasu. Wanda aka fi ambata shi ne babba, shi ake saurara.

Takardunka uku, Baban Nana. Uku rak. Waɗanda suka ambace ka ba su cika yatsun hannuna ba. A biyu daga ciki ma sai da Ramatu ta bi da yatsa kafin ta samo ka, can a maƙale a tsakiya, sunan maigidanku na Yamai a gaba. Shi kuwa nasa ambaton shafi ne bayan shafi. Mutumin da sau ɗaya ya taka Gaffati, shi ma a cikin mota ya ci abincinsa! Ban gaya maka ba tun a lokacin? Ka ce ba a shiga gaban babba. To ga shi nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ramatu ta ce kada in damu, babban aikin ai yana cikin kayenka, littattafan nan masu koren bango da kake tarawa a akwatin ƙarfe. In na ba ta su za ta tsara, ta wallafa da sunanka a gaba, duniya ta ambace ka, a kuma bar ta ta koma wa yaran kafin abin bana ya yi tsanani. Tana magana tana kallon akwatin a ƙarƙashin gado. Na ce mata makullin ya ɓace, ta dawo ran Juma'a.

Ƙarya na yi. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Akwatin ne ba kome a ciki.

Ka san halinka, ba ka fara shafi sai ka rubuta Bisimilla da Larabci a samansa, sannan faransancinka da lambobinka su biyo. Ina cikin takaba na fito da kayen in shanya saboda gara. Na juya ke nan in ɗebi ruwa, sai akuyar maƙwabta ta faɗo gidan. A shekarar nan awaki har kwali suke ci. Na iske ta da shafi a baki, sunan Allah rabi a waje rabi a ciki. Na aika wa Yaya Ilu, yayanka, ya ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta ta wulaƙanta, in ba mai karanta ta a ƙona ta a wuri mai tsarki, a binne tokar. Wa zai karanta? Ni faransanci ko na gaisuwa ban iya ba. Na share gindin magaryar nan ta bayan ɗaki, na ƙona su ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har azahar. Tokar tana nan inda na binne.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce rashin sani ya fi dare duhu, in nemi gafara in huta. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Na san Ramatu tana raye. Na san direbobin Yamai suna tashi kullum daga tasha. Ban aika ba don ba na so.

Na tsani kayen nan, Baban Nana. Ka tuna ranar da Habu ya rasu? Ɗanka namiji tilo, shekararsa huɗu. Da safe jikinsa ya yi zafi, na riƙe maka riga, ka taɓa goshinsa ka ce zazzaɓi ne, ka ba ni ƙwaya, ka ce ranar awo ce a Tirmini, in aka tsallake wata ɗaya lissafin ya lalace. Ka dawo da la'asar ka tarar da mutane a ƙofar gida. Ban taɓa yi maka gori ba, kai ma ba ka taɓa tayar da maganar ba, muka zauna a haka shekara goma sha ɗaya. Amma duk sanda na ga ka buɗe kaye kana rubuta nauyin ɗan wani, sai in tashi in bar maka ɗakin. Da wutar ta kama na farko, wallahi sanyi na ji a raina. Allah Ya gani, kai ma yau ka ji.

Yanzu kuma fa? Jiya wata mata ta tsaya a zaure tana neman tsaki, ɗanta a baya, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Irinsu ne kake bi. Na ba ta abin da ya samu, na kasa haɗa ido da ita. Shin maganin ɗan nan yana cikin abin da na ƙona? Ka gano ne, ko ba ka kai ba? Ba ka taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na rama wa Habu a kan 'ya'yan da ba su yi mini kome ba.

Gobe Juma'a. Na yi tunanin in ce gara ta cinye, kowa zai yarda, an san garar nan ta Damagaram. Ba zan faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan kwance makullin in ba ta, ta buɗe da hannunta, sannan in kai ta gindin magarya. Daga nan takardunka uku ne har abada, babu ƙari, kuma ni na yanke maka wannan hukunci.

Wai da ambato ake auna mutum. In haka ne ni na fi kowa yi maka rowa. Shekara talatin muna ɗaki ɗaya ban taɓa faɗin sunanka ba, da farko don kunya, daga baya ni kaina ban san don me ba. Nawa ambaton ba ya shiga ordinatar, ba zai ƙara maka kome ba, ba zai ceci ɗan kowa ba. Duk da haka shi kaɗai ya rage mini.

Ka yafe mini, Mutari. Sai na iso.

Taka, wadda ta hura wutar,
Hajara