Halo Ɗinka Daga Buruku

Zuwa ga Mainasara, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a gonakin Saminaka ya tayar da ƙamshin ƙasa. Ina fata kai da motarka kuna lafiya.

Ka tuna ranar da ka kawo wa makarantarmu kujeru daga Kaduna? Ka tarar ina koya wa 'yan aji uku gaisuwar Turanci, ka tsaya bakin taga, ka fi su kasa kunne. Na ce musu halo ba ruwanta da mace ko namiji, ba ta da jam'i, a faɗe ta da safe, a faɗe ta da yamma. In kuma an ɗaga murya a ƙarshenta a waya, ta zama tambaya: kana ji na? Amma ta haɗuwa ce, ba a ban kwana da ita. Da za ka tafi, sai ka ɗago mini hannu ka ce halo. Yara suka fashe da dariya. Na gyara maka, ka ce kai ba za ka koyi kalmar rabuwa a bakina ba. Wallahi sai da alli ya suɓuce daga hannuna!

Tun daga ranar, duk sanda ka ɗauki lodin masara ka shiga dajin nan na hanyar Birnin Gwari inda ba a samun mutum a waya, zuciyata takan yi ta kaɗawa kamar ganyen rimi a iska. Wa bai san abin da hanyar ta ci ba? Nakan yi rubutu a allo ban san me nake rubutawa ba, har sai ka isa Buruku, wayata ta yi ƙara, na ji halo ɗinka haɗe da rurin inji. Wace zuma ce a duk Birnin Gwari ta kai wannan zaƙi?

To, albishirinka. Jiya Baba ya kira ni ya tambaye ni a kanka. Na sunkuyar da kai, Inna ta amsa a madadina. Ya ce ka turo magabatanka bayan girbi.

Roƙona ɗaya: ranar da za ka zo gaishe shi, ka bar halo a mota. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka tambaye shi gida da gona da gajiya, har da gwiwarsa mai ciwo. Waccan kalmar tawa ce ni kaɗai, ban yarda ka raba ta da kowa ba.

Taka, yau da gobe, muddin ina numfashi,
Na'ima