Kwamfutar da na naɗe da mayafi

Laraba da dare, 9 ga Sha'aban, Dutsin-Ma

Alhamdu lillahi, sunayen 'yan saukar Islamiyyarmu ba su salwanta ba. Tun Litinin kwamfutar makaranta ke mutuwa ina tsakiyar rubuta su, ga walima jibi.

Da la'asar ƙanwata Binta ta zo daga Kurfi, ita da ke aiki da irinta a sakatariya. Ta tarar na ɗora kwamfutar kan filo, na naɗe gefenta da mayafi. Ta taɓa ƙasanta, ta janye hannu da sauri.

"Yaya, dafa ta kike yi?"

Na ce akwai Alƙur'ani a cikinta, ba zan iya ajiye ta a ƙasa haka kawai ba.

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nuna mani 'yan kafofin da take shan iska, duk filo ya toshe su. Ta ce zafi ne ke kashe ta. Ta kwafe sunayen a filash, 'yar ma'adanar da ake soka wa kwamfuta, ko da wani abu zai faru.

Na ji kunya, amma ba sosai ba. Na goge ɗan teburin katako na ɗora ta. Iska na shiga, ladabi kuma bai ɓaci ba. Kafin Isha'i na ƙarasa sunayen, kowace yarinya da sunan mahaifinta daidai.