Dogon Numfashin Firmino

Litinin, 3 ga Yuli

'Yata Carina ta sake tayar da maganar ɗakin kwale-kwalen da mahaifina ya bar mini a bakin tashar jiragen ruwa. So take ta buɗe wurin koyar da nutso nata na kanta, ta daina yi wa Bajamushen nan mai jirgin nutso aiki. In ba ta samu ɗakin ba, akwai aikin da ake mata tayi a Masar, bakin Bahar Maliya, suna jiran amsarta kafin wata ya ƙare. Tana yanka cuku ta faɗa, ko kallona ba ta yi ba.

Na ce ɗakin da ubana ya gina da hannunsa ba zai zama wurin wasan ruwa ba. Wai aiki! Ka goya wa baƙo tulun iska, ka riƙe masa hannu ya kalli kifi, shi ke nan an yi sana'a.

Ta ce, "To Baba, zo ka koyi nutson mana, tunda wasa ne."

Uwarta Odília ta ce in rufa wa kaina asiri. Ina, baki ya riga ni. Na ce ranar da ta miƙo mini katin shaidar na iya, ranar zan miƙa mata makulli. Sai da na je tatsar shanu na gane na ɗaure kaina. In na ci, ɗaki ya tafi. In na faɗi, yarinya ta tafi, abokin wasana Belmiro kuma ya samu abin yi mini dariya a shagon kofi har in mutu.

Amma ni Firmino, ruwa ne zai ba ni kunya? A tsibirin Flores kaf babu wanda ya kai ni dogon numfashi sa'ad da muke samari.

Laraba, 5 ga Yuli

Ta kai mu tafkin da ke ƙarƙashin matsirgar ruwa don ta ga iyonmu. Ni da wata 'yar ƙasar Holan, Marijke, tsohuwar malamar makaranta mai furfura kamar tawa. Ruwa na zubowa daga ƙwanƙolin dutse, sanyi kamar ya tsinke ƙashi, kifayen nan masu kama da maciji suna zagaya ƙafafunmu. Matar ta yi ihu. Na ce mata 'yan gida ne, ba sa cizon baƙo.

A wannan tafkin na koya wa Carina iyo, tana maƙale da wuyana tana kuka. Ta manta, ko ta yi kamar ta manta.

Na ja numfashi ɗaya na nutsa har ƙasa, na daɗe, na fito da dutse a hannu. Marijke ta tafa mini. Shekara sittin da ɗaya, ƙirjin nan na nan da ƙarfinsa, na ji daɗi ba zan ɓoye ba.

Carina ta ce, "Ya yi kyau, Baba. Wannan abin da ka yi yanzu, shi ne farkon abin da za ka manta."

Asabar, 8 ga Yuli

Rigar robar nan ba don mai tumbi aka yi ta ba. Sai da Odília ta shafa mini sabulu a ƙafa, tana dariya har da hawaye.

Litinin, 10 ga Yuli

Darasi a tasha, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Tulun iska a baya, tiyo a baki, gilashi a fuska, takalmin agwagwa a ƙafa. Belmiro ya jawo kujera daga shago ya zauna musamman. "Firmino, in ka ga saniyarka a can ƙasa ka gaishe ta!" Ban kula shi ba.

Doka ɗaya Carina take ta maimaitawa: kada ka riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido. Ta matsa can inda ruwa ke da zurfi ta nutsa da balan-balan, ta hura masa iska a ƙasa, ta sake shi. Yana hawowa yana kumbura, kafin ya iso sama ya fashe. Ta ce haka huhun mutum yake yi in ya shaƙi iskar tulu ya taso bai fitar ba.

Na ce na ji. Abin da ban faɗa mata ba, tun ina yaro da kaina ya shiga ruwa maƙogwarona yake rufe kansa. Haka mahaifina ya koya mini lokacin da muke nutso muna ɓamɓaro katantanwar dutse. Wanda ya saki iska a ƙasa shi ne rago.

Alhamis, 13 ga Yuli

Cire gilashi a cikin ruwa da mayar da shi, sau ɗaya na yi ya yi. Marijke sai da ta sha ruwan gishiri har ta ƙoshi. Na ba ta haƙuri, amma a raina kam!

Carina ta nuna mini bakina sau uku, tana so ta ga kumfa na fita. Yarinyar nan a cikin ruwa ba 'yata ba ce, wata shugaba ce daban. Ko murmushi babu.

Lahadi, 16 ga Yuli

Bayan coci Odília ta dafa gwaza da kifi. Na ce wa Carina, cikin wasa dai, katin nan ai a hannunta yake, ba sai mun wahalar da juna ba. Ta ce in miƙo mata burodi.

Talata, 18 ga Yuli

Yau teku sosai. A hanya manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi, dolfin, suka biyo jirgi, garke guda, har da ƙanana suna tsalle a gefen iyayensu. Duk rayuwata daga kan tudu nake hangensu ina bin shanu, ban taɓa jin hucin numfashinsu kusa haka ba.

Ƙasan kuwa ban san yadda zan rubuta ba. Duwatsun da na sani baƙaƙe, ashe a ƙasa ja ne da rawaya. Shiru, sai ƙarar numfashinka. Wani ƙaton kifin mero, ya kai ɗan maraƙi, ya fito daga kogo ya tsaya yana kallona ido cikin ido kamar na ci masa bashi. Carina ta miƙa masa hannu ya matso. Ta ce ya san ta tun shekarar da ta fara aiki.

Da muka fito na kasa magana. Na ce kunnena ne ya toshe.

Alhamis, 20 ga Yuli

Ta kayar da ni.

Jarrabawar ƙarshe ce. Za ka cire tiyo daga baki kamar iskarka ta ƙare, ka taso a hankali kana fitar da numfashi har sama. Na cire, na taso. Wallahi ban san na rufe maƙogwaro ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Sai na ji an finciko ni ta ƙirji. Carina ce, ta riƙe ni ƙam, ta dunƙule hannu ta danna mini a ciki har iska ta fito da ƙarfi. Idonta a cikin gilashi, ban taɓa ganinsa haka ba.

A jirgi, gaban baƙi, gaban Bajamushe, ta miƙa wa Marijke hannu ta ce ta ci. Ta juyo. "Kai ba ka ci ba, Baba."

Na ce, "Ke, kin san abin da ke kan katin nan kuwa?"

"Na sani."

"Kuskure ɗaya? Ni da na koya miki ruwa?"

"Ɗayan ne ke kashewa. Ba zan sa hannu ba. Ka riƙe ɗakinka, ni ba zan kai wa Mama gawa ba."

Bajamushe ya so ya sa baki, wai a sake gwadawa da yamma. Ta ce a'a, sai na koma ruwa marar zurfi na fara daga farko, ko zai ɗauki har kaka. Har kaka! Ita da ake jiran amsarta ƙarshen wata.

Ban ci abinci ba. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa.

Juma'a, 21 ga Yuli

Ba mu yi magana ba. Inda ta danna mini ya yi shuɗi.

Litinin, 24 ga Yuli

Na ga Odília ta sauko da babban akwatin tafiyar Carina daga kan kabad tana goge shi. Ta ajiye shi inda dole in yi tuntuɓe da shi.

Da yamma ina gyaran shinge na yi ta juya abin. Sa hannu ɗaya ne tsakaninta da ɗakin. Ba wanda zai sani, ni kaina da na karɓa ina washe baki. Dillalin shanu nawa na sani da zai ƙi irin wannan?

Laraba, 26 ga Yuli

Na shiga shagon kofi, na san abin da ke jirana. Belmiro ya miƙe tsaye. "Ga sarkin ruwa nan! An ce 'yar cikinka ta ba ka sifiri?"

Na ce, "Ƙwarai. Ta kayar da ni, a gaban jama'a ma. Kai ɗanka da ke gwajin tuƙi, wa ya taɓa faɗuwa a hannunsa? Tawa ko ubanta ba ta ɗaga wa ƙafa. Duk mai son ya shiga ruwa ya fito da ransa, wurinta zai je."

Aka fashe da dariya, Belmiro ne ya biya kofin. Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ya yi kawai.

Asabar, 29 ga Yuli

Na wuni a ɗakin kwale-kwale. Na fitar da tsofaffin taruna, na share kashin ɓera, na canja katakon ƙofa da ya ruɓe. Ba don kowa ba, dama ya daɗe yana neman gyara. Na kafa ƙusoshi a bango, dogaye, irin waɗanda za su iya ɗaukar rigar roba jiƙaƙƙiya. Ƙusa ai ba ta da laifi.

Carina ta zo wucewa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi bango, ta dube ni. Ta ce, "Baba, katin fa ba ka samu ba."

Na ce na sani, ba sai an tuna mini ba. Makullin ya yi mini nauyi a aljihu ne, ta riƙe mini.

Ta karɓa, ta daɗe tana jujjuya shi. Can ta share hanci ta ce, "Litinin da safe, a tasha, ruwa iya ƙirji. Kada ka makara."

Na ce to, Malama.