Gyambon Baba da Hannun Madina

Unguwar Kusugu, Daura,
14 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hasana da yara, da zaman Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, geron gonar Baure ya yi kyau.

Albishirinka, gyambon Baba ya kama hanyar warkewa, likita ya janye maganar yanke ƙafa. To amma ni zuciyata ba ta yi fari ba, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Ka san tun da bijimin nan ya soke shi a kasuwar Mai'adua, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni ke fama da ƙafar nan. Safe da yamma in dafa ruwan kanwa, in ɓamɓare tsumman da ya manne, in dirje har sai jini ya fito, yadda marigayiya Inna ta koya mini. Warin da ke korar baƙi daga zaure, ni na shaƙe shi shekara uku.

Kwatsam sai ga Madina, autar da na goya da bayana, ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Kallo ɗaya ta yi, wai ni ce ke hana shi warkewa. Wai jiki yana da sinadarin da ke cinye mataccen nama don sabo ya samu wuri, da wani mai taka masa birki in aiki ya ƙare. A tsohon miki kuwa mai cin ya fi ƙarfin mai hanawa, sai ya koma cin sabon naman. Duk dirzar da nake yi, wai zuga shi nake. Ta wanke a hankali da ruwan gishiri, ta rufe da bandeji mai danshi, ta ce kada a taɓa sai bayan kwana uku-uku. Yanzu duk wanda ya zo gaisuwa, Baba sai ya ce hannun Madina albarka gare shi. Ni ko sunana ba ya fitowa. Kishi nake, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

A mako na biyu, Baba na barcin rana, na lallaɓa na ɗaga bandejin. Wallahi so nake in ga ya ruɓe. Ƙafar ubana fa. Sai na ga nama ja, lafiyayye, yana haɗowa daga gefe. Ina cikin mayarwa, Baba ya buɗe ido ya ce, "Kubura, ke ma kin ƙagu ki ga sauƙina ko? Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Ka sa ni a addu'a, kada kuma Madina ta ji wannan. Ka gaida Hasana, da Abbas, da takwarata. Baba da Kawu Mati suna gaishe ku.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Kubura.