Ɗaki Huɗu a Jahun

Assalamu alaikum, Yaya Binta.

Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Ya ƙafar taki? Ya jikoki, ya zaman Ikko? Mu nan Dutse sai godiya.

Kin san shirinmu, ni da ƙawayena uku da muka rasa mazajenmu: mu gina ɗaki huɗu a filin Baba na Jahun, tukunya ɗaya, wadda ta kwanta ciwo sauran su kula da ita. Har an buga bulo.

To, ranar Juma'a ɗan naki Babangida ya rushe maganar. Wai, "Umma, so kike gari ya ce na kori uwata?" Na ce, "Garin ne ke wuni da ni?" Shi da matarsa su tafi aiki, su ja ƙofa, ni ina saman bene, gwiwa ta hana ni sauka. Ko gaisuwar mutuwa sai ranar da ya samu sarari.

Yaya, maganarki kaɗai yake ji. Ki kira shi. Ban rasa abinci ba, mai yi mini sallama na rasa.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Damina ta kusa, bulon kuma yana waje.

Ƙanwarki,
Hajara