Hujjar da Kaka Ya Gano Sau Biyu

Brno, watan Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Blanka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Kawu Zbyněk kuna lafiya, kuma sanyin Winnipeg bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke. Baba ya gama tsinke tuffan lambu, ni kuma na karɓo takardar digirina ta lissafi.

Maganar Kaka Oldřich ce ta sa na rubuto. Kin san tun da ya bar koyarwa a jami'a, a jikin ƙofar ɗakin ajiya yake rubutu da alli. Mantuwarsa ta ƙaru, har da sunanki yake kirana. Amma da bazara ya cika ƙofar da wata hujjar lissafi a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ya ce in duba masa, tunda wai yanzu na zama babbar malama. Ya riga ya gayyaci tsofaffin ɗalibansa su zo su ji sabon abin da ya gano.

Na bi ta layi-layi, babu kuskure. Sai dai ba sabuwa ba ce. Shi da kansa ya buga ta a mujalla a 1974, da sunansa ma aka koya mana ita. Baba ya ce in yi shiru, ɗaliban za su yi masa kara su tafa. Ni kuwa tsorona kada Kaka ya gane a fuskokinsu, a gaban jama'a.

Ranar Lahadi yana yanka naman kazan da ya tsinto a daji, na ajiye masa mujallar. Ya karanta har ƙarshe, ya tambaye ni wane ne wannan yaron da ya rubuta ta. Na ce shi ne. Can ya ce yaron yana da kai, amma surutu ya yi masa yawa, ya tambaya wacce ta fi gajarta cikin hujjojin biyu. Na faɗa masa gaskiya: ta jikin ƙofa, da kusan rabi. Ya ce to kada a soke taron, yana da gyaran da zai yi wa yaron.

Ban sani ba ko zai tuna wannan hirar ranar taron. Zan zauna a layin gaba da mujallar a cinyata.

Ki gaida Kawu Zbyněk da Lenka da jaririnta. Baba na gaisuwa.

Taki,
Vendula